Mota mai ruwa biyu: wa take yi wa riba a ƙasar da fetur ke da araha?

Ranar wata Alhamis bayan sallar isha'i ƙanin matata ya shigo gidana a nan Jidda riƙe da takardu biyu da ya karɓo daga wakala, wato kamfanin dillancin motoci. Mota iri ɗaya ce, launi ɗaya, amma ɗaya mai fetur zalla, ɗaya kuma haibirid, wadda Larabawa ke kira hajin, mu kuma in za mu faɗa da bakinmu sai mu ce mai ruwa biyu, don injin fetur da injin lantarki ne suka haɗu a jikinta. Ya ajiye takardun a gabana ya ce, "Yaya, mai sayarwar ya ce wannan rabin mai take sha. In haka ne ai ba sai na yi shawara ba." Na ce masa ya zauna a kawo shayi, domin maganar ta fi haka tsawo. Mutum ne mai mata da 'ya'ya huɗu, albashinsa a ƙidaye yake, kuma motar da zai ɗauka zai yi shekara biyar yana biyan ƙisɗinta, wato kuɗinta kaɗan-kaɗan. Irin wannan ba a yanke masa shawara da kalmar mai talla.

Shekara goma sha biyar da suka wuce babu wanda zai kawo wannan tambaya a Saudiyya. Har ƙarshen 2015 litar fetur mai lamba 91 halala 45 ce, mai lamba 95 kuma halala 60 (halala ɗari ne riyal ɗaya). Tankin lita 60 ana cika shi da riyal 27, shi ya sa gidajenmu na Makka da Jidda suka saba da manyan motocin Amurka, musamman GMC ɗin nan da ake kira Jims, ba tare da kowa ya damu da abin da suke sha ba. A ƙarshen Disambar 2015 aka mayar da 91 halala 75. Ranar 1 ga Janairun 2018 ya koma riyal 1.37, a daidai lokacin da harajin sayayya na kashi 5 cikin ɗari ya fara aiki, harajin da ya zama kashi 15 a Yulin 2020. Daga Yulin 2021 gwamnati ta sa wa farashin rufi: riyal 2.18 na 91, riyal 2.33 na 95. Tankin da ake cikawa da riyal 27 yanzu yana cin kusan 131. A tsakiyar wannan ne kuma, a Yunin 2018, mata suka fara tuƙi, gidaje da yawa suka zama masu mota biyu. To dole magidanci ya fara lissafi.

Amma a lura da abu ɗaya. Duk da ya ninka kusan sau biyar, fetur ɗin nan har yanzu mai araha ne in aka gwada da Turai ko Jafan, inda aka ƙirƙiro wannan fasaha tun fitowar Toyota Prius a 1997. Lissafin da ke sa Bature ya ga haibirid ta biya kanta da wuri, a nan yana iya ɗaukar ninki biyu ko uku na wannan lokaci. Don haka sai an fahimci ta ina motar ke samo rangwamen man, sannan a duba ko rayuwar mutum tana bi ta wannan wuri.

Mota mai fetur zalla tana asarar mai a wurare uku. Na farko birki: duk man da ka ƙona ka kai motar gudun kilomita 80, da zarar danja ta tsayar da kai ya tafi a banza, ya zama zafi a ƙafafun motar. Na biyu tsayuwa: inji na juyawa, mota ba ta motsi. Na uku tashi daga tsaye da tafiyar rarrafe, inda injin fetur ya fi kowane lokaci rashin tattali. Haibirid an gina ta ne don ta toshe waɗannan ramuka uku. In ka taka birki, injin lantarkin sai ya juye ya zama janareta, ya kama wani ɓangare na ƙarfin gudun ya zuba a batir. In ka tsaya, injin fetur ya mutu. In za ka tashi, lantarki ne ke fara tura motar, sai ta kama hanya injin fetur ya karɓa. Kuma tun da yana da mataimaki, ana iya ƙera injin fetur ɗin ya zama mai tattali ko da ƙarfinsa ya ɗan ragu. Batirin kansa ƙarami ne, ba a jona shi da wutar gida, motar ce ke cika shi tana sauke shi duk yini.

Wanda ya fahimci wannan ya riga ya ga inda amsar take. Mutumin da ke shiga cunkoson Titin Madina na cikin Jidda da safe, ya kai yara makaranta, ya koma ɗauko su da azahar, ya tsaya a danja ashirin kafin ya isa aiki, shi ne aka yi wa wannan mota. Wanda kuwa tafiyarsa ita ce Titin Hijira, Makka zuwa Madina, fiye da kilomita 400 a miƙe, inda aka yarda da gudun kilomita 140 tun 2018, shi ba ya taka birki balle a samu abin tarawa. A irin wannan gudun iska ce ke cin mai, kuma injin fetur ne ke ɗauke da aikin kusan gaba ɗaya. Haibirid za ta ɗan fi tattali, amma tazarar ta ragu ƙwarai.

Na ɗauko takarda na yi masa misali, kuma lambobin na misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ce motar fetur tana yin kilomita 12 da lita a cikin gari, 'yar uwarta haibirid tana yin 20. Mai tafiyar kilomita 20,000 a shekara zai sayi lita 1,667 a ta farko, lita 1,000 a ta biyu. Bambancin lita 667 ne, wato wajen riyal 1,450 a shekara. In a ce haibirid ta fi tsada da riyal 10,000, sai ta yi kusan shekara bakwai kafin ta mayar masa da kuɗinsa. Ɗauki ɗan uwanmu mai takardar ɗan ƙasa da ke aikin Uber ko Careem, yana cin kilomita 50,000 a shekara: shi rangwamensa ya haura riyal 3,600, kafin shekara uku ya fanshe. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin Camry haibirid da yawa cikin tasin Jidda; masu tasi ba sa saye don ado. Sai kuma mai doguwar hanya, wanda a ce motar fetur na ba shi kilomita 15 haibirid na ba shi 18. A kilomita 20,000 abin da zai tsira da shi bai kai riyal 500 ba, shekara ashirin ke nan kafin ya ga riyal 10,000 ɗinsa. Mota ɗaya, farashi ɗaya, mutum uku, amsa uku. In kuma da ƙisɗi za a saya, ta murabaha, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da riba, ko ta hayar da ke ƙarewa da mallaka, sai a tuna ribar banki tana hawa kan wannan ƙarin kuɗin ma.

Akwai wani abu a lissafin nan da mutane da yawa ba sa lura da shi, kuma shi ya fi shafar masu iyali. Lambar kilomita a kowace lita tana yaudarar ido. Wanda ya bar tsohuwar babbar mota mai yin kilomita 7 ya koma mai yin 14, a kilomita 20,000 ya rage lita sama da 1,400, fiye da riyal 3,000. Wanda ya bar mai yin 14 ya koma mai yin 20 bai rage ko lita 450 ba. Ma'ana, fasahar ta fi amfani a jikin babbar mota mai kujera bakwai fiye da ƙaramar mota wadda dama can ba ta shan mai. Ni a ganina ƙaramar Corolla mai fetur ga wanda ba ya yawan fita ta wadatar. Amma magidancin da dole sai ya hau babbar mota saboda yawan yara, shi ne ya kamata ya tsaya ya dubi irin su Highlander ko Innova masu ruwa biyu da idon basira.

A jikin gilashin kowace sabuwar mota akwai katin tattalin mai na SASO, hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya, mai launuka daga kore zuwa ja, da daraja daga mumtaz, wato mai kyau ƙwarai, zuwa sayyi' jiddan, wato marar kyau ƙwarai, da lambar kilomita a lita. Katin yana da amfani wajen gwada mota da mota, tun da duk awo ɗaya aka yi musu. Yana da nasaba da aljihu ma, domin tun daga Oktoban 2023 aka fara ɗora kuɗin shekara a kan istimara, wato takardar rajistar mota, gwargwadon shan man mota, daga babu ko halala ga mai tattali sosai zuwa riyal 190 ga mai zuƙa. Sai dai lambar da ke kan katin a ɗakin gwaji aka samo ta. Ba a auna ta a watan Agusta ba, da mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, a ƙure, da mutum shida da kaya a ciki. Duk wanda ya gina kasafinsa kan wannan lamba zai ji an cuce shi, alhali shi ne bai rage mata kaso ba.

Kalmar haibirid ɗin ma a yi hattara da ita, don iri uku ne ke yawo da suna ɗaya. Akwai mai ƙaramin taimako, wadda ke da batir mai bolt 48, ba ta iya tafiya da lantarki kaɗai yadda cikakkiyar ke yi, rangwamenta kaɗan ne. Akwai cikakkiya, wadda na bayyana a sama. Akwai kuma wadda ake jonawa da wuta, irin wasu motocin BYD da suka shigo kasuwar nan, mai babban batir da zai iya kai mutum aiki ya dawo ba tare da injin fetur ya tashi ba. Wannan ta ukun tana burge ni, amma ga mai fila, wato gida mai zaman kansa, ko gida mai gareji. Yawancinmu a shuƙƙa muke, wato sashe a gidan bene, hawa na uku ko na huɗu, motar tana kwana a bakin titi duk inda aka samu wuri. Wanda ba zai iya yi mata caji kullum ba ya biya kuɗin babban batir ne kawai yana yawo da nauyinsa.

Sai maganar da ta fi tsorata mutane, wato batir da zafi. Tsoron yana da tushe, domin zafi shi ne babban abokin gaban kowane batir, kuma motar da ta yini a ranar Makka cikinta kamar tanderu yake. Amma abin da yawancin masu motar ba su sani ba shi ne, a motocin Toyota da wasu irinsu, da iskar cikin mota ake sanyaya babban batirin. Akwai wata 'yar taga mai raga-raga a gefen kujerar baya ko a ƙarƙashinta, da fanka da ke zuƙo sanyin mukayyif tana hura wa batirin. Yanzu a dubi kujerar bayan motar iyali irin tamu. Jakar makaranta ce a jingine, da sallaya, da ledar burodi, da gefen abaya da ya sauko ya rufe wurin, da ɓarɓashin biskit, ga ƙurar garin nan da ba ta ƙarewa. In tagar ta toshe batirin zai riƙa aiki cikin zafi wata da watanni, ba ƙara, ba alama, sai ranar da fitila ta kama a gaban direba. Na ga wannan da idona a motar wani maƙwabcina: da aka buɗe fankar, ƙura da zare sun dunƙule sun zama kamar auduga. Tsabtace wannan matatar aiki ne na 'yan mintuna, kuma ya kamata a riƙa nema a yi shi a duk siyana, wato sabis ɗin mota. Ga gida mai yara wannan 'yar taga ta fi duk wani dogon bayani na injiniya muhimmanci. A samu inuwa in da hali, a sa abin rufe gilashi in babu, a kuma daina tuƙi da mukayyif a kashe don tsimin mai, tun da sanyin ba na mutane kaɗai ba ne.

Mukayyif ɗin kansa yana cikin abin da ya sa nake son motar. A cikakkiyar haibirid da lantarki yake aiki, ba da bel ɗin inji ba. Duk wanda ya taɓa zaman jiran iyali a ƙofar asibiti ko a bakin makaranta ya san yadda mota ke ƙona mai tana tsaye. Ita wannan injinta na mutuwa sanyi na ci gaba, sai batir ya yi ƙasa injin ya tashi ya cika shi ya sake yin shiru. A tsakiyar bazara zai riƙa tashi a kai a kai, amma duk da haka da sauƙi. Illarsa ɗaya: man kwamfireso ɗinsa na musamman ne, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. In aka kai ta sina'iyya, unguwar makanikai, wurin wanda bai sani ba ya zuba mata irin na sauran motoci, gyaran riyal ɗari biyu na iya zama na dubbai. Haka wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikin injin, wuta ce mai kisa, ba wurin gwajin hannu ba ne. Kafin mutum ya saya ya kamata ya san wa zai gyara masa. A nan Toyota ta yi wa saura nisa, domin kamfanin Abdul Latif Jameel yana sayar da ita daga Jidda tun 1955, kayan gyaranta sun cika gari har tashlihi, inda ake kwance tsofaffin motoci a sayar da kayansu, kuma makanikai sun saba da ita. Sababbin motocin Sin suna zuwa da farashi mai daɗi da kayan alatu, ba na raina su, amma a tambayi masu su kwana nawa suke jira in wani ƙarfe ya lalace.

Ta wani ɓangaren kuma gyaranta ya fi sauƙi. Tsarin Toyota ba shi da sitata, ba shi da dainamo irin na sauran motoci, kuma takalman birki suna daɗewa tun da lantarki ke rage yawancin gudun. Tana da ƙaramin batir mai bolt 12 kamar kowace mota, shi ma zafi na kashe shi, kuma in ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake. Mutane da yawa sun tsorata a banza a kan wannan.

Game da kujeru, mai iƙama, wato takardar zaman ƙasa, ya sani cewa Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ba ta yi wa baƙo rajistar mota mai ɗaukar mutum bakwai ko fiye sai ya nuna iyalinsa sun kai mutum biyar. Ƙanin matata ya cika wannan sharaɗi. Amma na ce masa ya je wakala da matarsa da yaran duka, a zauna a ciki, a ɗaga kujerun baya a ga abin da ya rage na wurin kaya. Gidanmu ba ya rabuwa da baƙi. Lokacin Umrar azumi sai ka je filin jirgin Sarki Abdul'aziz sau uku a mako ɗauko Kawu ko Gwaggo daga Kano ko Sakkwato, a koma da akwatuna da jarkar Zamzam. Mota mai kujera bakwai da ba ta da wurin akwati biyu ba ta raba gardama ba. A duba kuma ko tana da safaya ta gaske, don mai bin hanyar Madina da iyali da daddare bai kamata ya dogara da gwangwanin liƙi ba. Tsofaffin Camry haibirid na kafin 2018 a but batirinsu yake, ya cinye wuri. Daga 2018 aka mayar da shi ƙarƙashin kujera.

Wanda zai je haraj, kasuwar tsofaffin motoci, ya sayi ta hannu, a nan ne nake jin tsoro sosai. Jidda ta ga ambaliya a Nuwamban 2009, da Janairun 2011, da Nuwamban 2022, motoci sun nutse a ƙarƙashin gadoji da cikin unguwanni. Motar fetur da ta sha ruwa matsala ce, haibirid da ta sha ruwa kuwa asara ce tsagwaronta, tun da batirinta a ƙasa yake, kuma tsatsa a hankali take cin wayoyi. A ciro rahoton Mojaz, manhajar da ke ba da tarihin mota, a ga tarihinta. A ɗaga kafet a shinshina, a leƙa ƙarƙashin kujeru. Fahas, wato binciken lafiyar mota na shekara-shekara, ba ya gaya maka lafiyar batir, sai an kai ta wurin mai na'urar da ke karanta kowane sashe nasa a ga ko ƙarfinsu ya yi daidai da juna. A karanta garantin batirin, shekara nawa, kilomita nawa, wanne ya fara cika, kuma ko yana bin mai saye na biyu. Motar da ta yi tasi an san ta da yawan kilomita, amma sau da yawa batirinta ya fi lafiya a kan wadda aka ajiye wata shida a rana ba a taɓa ba, don zama yana cutar da shi fiye da aiki.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da ke tafiya gida hutun makaranta mu yi wata biyu ko uku. Kar a kulle ta a tafi da makulli. A bar wa amintacce ya riƙa tayar da ita duk mako ɗaya ko biyu, ya bar ta a kunne na ɗan lokaci, ko ya zaga da ita. In ta lalace a hanya a kira saɗaha, motar da ke ɗaukar mota a bayanta, a ɗora ta, kar a ja ta da igiya. Mai hawa Ɗa'if ta Hada kuma ya sani cewa a gangarowa batirin kan cika tun ba a yi nisa ba, daga nan babu inda ƙarfin zai shiga, nauyin ya koma kan birki. Sai a sa giyar rage gudu, wadda a wasu motocin aka rubuta mata B. Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne shirunta. A lungunan Misfala a Makka ko Sabil a Jidda, inda yara ke ƙwallo a tsakanin motoci, mota na iya tashi ba tare da yaro ya ji komai ba. Sababbi suna fitar da wani ɗan sauti don haka, amma direba ya zaga bayan motarsa kafin ya shiga.

Da na gama, ban ce masa saya ko kar ka saya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce ya sa ƙaramin littafi a motarsa wata guda, ya rubuta lambar kilomita duk ranar da ya sha mai, da lita nawa, da inda ya je. Bayan wata ɗaya ya dawo da littafin. Ya yi kilomita 2,300, kuma ban da zuwa Makka sau biyu duk a cikin Jidda ne, tsakanin gida a kudu, makarantun yara biyu, da wurin aikinsa a arewa. Tsohuwar motarsa kilomita 8 take ba shi a lita, ya kashe sama da riyal 620. Ya so ya gwada wannan da haibirid ya ce ribarsa kusan riyal 300 ce a wata. Na ce a'a, tsohuwar ai tafiya za ta yi ko ta yaya, da sabuwa mai fetur za ka gwada. Da muka sake lissafi da lambobin da muka rage wa na katin, ribar ta dawo wajen riyal 120 a wata. Ya yi shiru yana duban takardar, sannan ya ce, "Yaya, ni mota shekara goma nake riƙe ta, kuma rabin rayuwata a danja take." Ya ɗauki mai ruwa biyun, mai kujera bakwai. Ranar da ya kawo ta na kira babbar 'yarsa, wadda ke zama a baya tare da ƙannenta, na nuna mata 'yar tagar batirin na ce daga yau ita ce mai kula da kar a ajiye komai a gabanta.